Ranar Da Maikano Ya Kira Sunanta

Gidan su Nazira a unguwar Al-Oud ta Riyad ɗaki biyu ne da falo, kuma a cikin wannan ɗan wurin ita da mahaifinta suka yi ta kauce wa juna tun tana rarrafe. Ba faɗa ba ne. Ita 'yar fari ce, shi kuwa Maikano mutumin wani ƙauye ne bayan Azare, inda namiji ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ko kallon kirki ba ya yi masa. Da a gida ne, da tun yaye an miƙa ta wajen kaka, kowa ya huta. To a Riyad babu kaka. Sai kunyar ta zauna tare da su a falo kamar ƙaton firjin da aka rasa inda za a kai, kowa ya zo sai ya raɓa ya wuce.

In yana son ruwa, ƙanwarta Zaituna zai ce wa ta gaya wa waccan ta kawo, alhali waccan ɗin tana zaune a gabansa. In ya dawo daga kasuwar Aziziya da ledar inibi, Zaituna yake miƙa wa, ita ce mai zama kusa da shi tana zuba masa surutu da Larabci yana gyara mata Hausa. Umma, da yake a Makka aka haife ta, ba ta ɗauki al'adar da zafi ba. Yaya take ce wa Nazira, bin bakin Zaituna, kuma wani lokaci takan tsokani mijin, ta tambaye shi ranar ɗaurin auren yarinyar nan me zai ce wa liman, waccan? Sai ya yi murmushi ya kau da kai.

Nazira ba mai magana ba ce. Abin da ta iya shi ne kallo da sauraro. Daga yadda ubanta yake hawo matakala takan gane ko bayansa na ciwo, tun kafin ya shigo ya ce lafiya lau.

Maikano ya daɗe a siton Abu Nayif, dillalin kayan marmari, wanda shi ne kafilinsa, mai tsaya masa a takardun zama a ƙasar. Da dako ya fara, har ya zama shi ne babba a kan masu sauke tireloli. Nayif, ɗan maigidan, a kafaɗarsa ya girma tsakanin kwalayen ayaba. Yanzu Nayif ya zama saurayi, kuma hawan duwatsu ya shiga ransa. Shi da abokansa suka shirya tafiya Nepal, tafiyar ƙafa ta kusan wata guda, zuwa wasu sansanoni biyu a gindin wani tsauni da ƙanƙara ba ta barinsa, inda ko babur ba ya kaiwa. Abu Nayif ya ce ɗansa ba ya zuwa ko'ina sai da Maikano. Babu wanda ya tambayi Maikano ko yana so, shi ma bai nemi a tambaye shi ba. Kuma gaskiya ya ji daɗin zaɓen da aka yi masa. Ranar da aka kawo masa takalman hawa da wata jibgegiyar riga ja, sai da ya saka su a falo, Zaituna ta ce wallahi ya koma tukunyar gas.

Kamfanin da zai yi musu jagora ya turo wani bidiyo da Turanci. Maikano ya juya wayar, ya miƙa wa Zaituna, ya ce ta ba waccan tunda ita ta yi makarantar Turanci. Nazira ta kalla, ta sake kalla. Wani likita ne yake bayanin cewa duk yadda mutum ya ƙara hawa, iskar da yake shaƙa raguwa take yi. Ciwon kai da amai da rashin barci, waɗannan da sauƙi. Na kisa shi ne in ƙwaƙwalwa ta kumbura. Mutum zai fara tangaɗi kamar ya sha wani abu, ya yi ta dariya ba dalili, ya riƙa yin abin da ba halinsa ba. In aka ga haka, a sauko da shi a take, ba a jiran gobe. A ƙarshe aka saka lambar jagoran saboda iyalai.

Ta tsaya a ƙofar kicin ta gaya wa Umma duka, da ƙarfi yadda zai ji. Shi kuma ya gaya wa Umma cewa wanda ya sauke tirelar albasa da tsakar rana a watan Agusta a garin nan, ba a yi masa wa'azin ciwon kai. Nazira ta adana lambar a wayarta.

A filin jirgin Sarki Khalid ya dafa kan Zaituna, ya yi wa Umma doguwar wasiyya a kan gas da kulle ƙofa. Da ya zo wuce Nazira sai ya dubi allon da ke bayanta ya ce a kula da gida. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, idonta a kan sababbin takalman.

Da farko kiran yakan shigo bayan azahar, in sun sauka a ƙauyen da ke da sabis. Umma ta saka wayar a lasifika ta ajiye a kan darduma, Zaituna ta kwanta rub da ciki a gabanta, Nazira kuma tana kicin da ƙofa a buɗe. Ya ba su labarin matsattsakun da ke shiga safa, da gadoji masu lilo a kan kogin da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda rurinsa. Ya ce kullum shinkafa da adas, wani ɗan mitsitsin wake, safe da yamma, har ya fara mafarkin miyar kuka. Akwai wasu shanu masu gashi har ƙasa. Abin da ya fi burge shi 'yan dakon ƙasar ne, ƙananan mutane da ba su kai kafaɗarsa ba, suna ɗaukar kwando da igiya a goshi su hau tudu suna hira. Ya ce ya yi dako a rayuwarsa, amma waɗannan ya sara musu. Shi ke dafa wa samarin shayi, shi ke ja musu salla, shi ya ɗaure wa Nayif gwiwa da ta fara ciwo.

Daga baya maganar ta fara guntulewa. Yakan tsaya tsakiyar zance ya ja numfashi kamar wanda ya yi gudu. Ya ce babu sauran itace, sai dutse da iska, ruwan buta ma daskarewa yake yi kafin asuba. Ɗaya daga cikin abokan Nayif ya kasa, an juya da shi. Jagoran, in ji shi, kowace safiya sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar ko akwai ciwon kai, kamar malamar asibiti. Umma ta ce to shi me yake ce masa. Ya ce alhamdulillahi mana. An turo shi ya kula da ɗan mutane, kuma sai ya tsaya a gaban yaron yana kukan kai? Da aka kashe wayar Nazira ta fito ta ce wa Umma kansa na ciwo, ba yau ya fara ba. Umma ta ce ai kin san ubanku.

Suka isa sansanin farko, aka turo hoto, Maikano a gefe cikin jar rigarsa, leɓɓansa duk sun fashe. Daga nan za su tsallaka wani tudu mai tsayi zuwa na biyu. Aka yi kwanaki shiru. Umma ta rage cin abinci, Zaituna ta riƙa kwana da wayar a hannu.

Ranar da kiran ya dawo, da dariya ya fara, tun kafin sallama. Muryarsa ta yi nauyi, kalmomin suna manne wa juna. Zaituna ta fara zuba masa labarin makaranta, sai ya katse ta.

"Ina Nazira?"

Nazira na riƙe da ludayi a kicin.

"Nazira nake nema. Ku ba ni Nazira."

Umma ta dafe ƙirji. Zaituna ta ɗauki wayar ta kai kicin da hannu biyu kamar ta ɗauko miya mai zafi. Nazira ta ce, "Na'am, Baba."

Ya ce mata ranar da aka haife ta ya yi ta zagaya asibitin ya kasa shiga. Sai da matan unguwa suka watse, uwar ta yi barci, sannan ya leƙa. Kunnenta irin na tsohuwarsa ne sak. Ya ce duk takardun jarrabawarta ya gani, Zaituna yake sa wa ta ɗauko masa in ta shiga wanka. Ya ce shayinta ya fi na uwarta, amma kada ta faɗa.

"Sunan nan ni na zaɓa," ya ce. "Ni na zaɓe shi, kuma ban taɓa ɗanɗana shi a bakina ba. Nazira. Kin ji daɗinsa? Nazira."

Ya sake fashewa da dariya. Ya ce yau sai faɗuwa yake yi a hanya kamar yaro mai koyon tafiya, ƙafafun sun ƙi jin magana. Ya ce ashe ƙanƙara ba ta da sanyi, ya ma cire safar hannun. Ya ce akwai sauran magana da yawa, gobe zai kira ta, ita kaɗai. Sai layin ya yanke.

Umma ta zauna tana sharar hawaye tana cewa ikon Allah, dutse ya tausasa mutumin nan. Kafin la'asar ta kira maƙwabciyarsu Hajiya Bilƙisu ta ba ta labari. Zaituna ta yi ta bin Nazira tana kwaikwayon muryar, Nazira, Nazira, har da ɗan kishi a ciki.

Nazira ta hau rufin bene kamar za ta kwashe shanya. Ta san abin da ta ji. Tangaɗi, dariya, abin da ba halinsa ba, duk ga su a jere yadda likitan ya faɗa. Ta buɗe lambar jagoran ta fara rubutu da Turancinta na makaranta. To me za ta ce? Babana ya kira sunana? Wane baƙo ne zai ji wannan ya tsorata? Ta goge, ta rubuta cewa yana faɗuwa a hanya, a duba shi. Yatsanta na kan wurin turawa.

Sai ta tsaya. In ta tura, za su sauko da shi a gaban Nayif kamar kayan da ya lalace, kuma zai san wa ya kai ƙararsa. Kansa zai washe, ya dawo gida, ta koma waccan, wataƙila ma ƙasa da haka. Ga shi ya ce gobe zai kira ta, akwai sauran magana. Ta gaya wa kanta cewa gajiya ma tana sa harshe nauyi. Jagoran na tare da shi, aikinsa ne, da akwai matsala da ya gani. Kwana ɗaya kawai. In ta ji sauran, sai ta tura.

Ta goge saƙon, ta kwashe shanyar ta sauko. Da yammacin nan ta yi musu shayi, ta sha nata a tsaye.

Washegari azahar ta wuce, la'asar ta kusa, sannan kira ya shigo ta wayar Nayif mai aiki da tauraron ɗan'adam. Nayif ya gaishe da Umma da Larabci, ya ce ammi Maikano, wato baffa Maikano, ya ɗan gaji ne, yau sun bar shi ya huta a tanti, amma yana cikin nishaɗi, har waƙa yake yi musu, bai taɓa ganinsa haka ba. Ya kara masa wayar.

Nazira ta durƙusa a gaban darduma ta ce, "Baba, ni ce."

Numfashinsa ya daɗe yana fita kafin magana. Ya kira ta Inna. Ya tambaye ta ko an sauke tirelar Masar, ya ce kada a bar lemon a rana. Daga nan sai wani gunaguni da ba ya kama da kowane yare.

Ba ta san lokacin da ta ɗauke wayar daga ƙasa ba. Ita da ko mai shago ba ta iya kallo a ido, ta ce wa Nayif ya ba ta jagoran, yanzu. Ya fara cewa babu matsala, ta maimaita da ƙarfin da ya sa Umma ta miƙe tsaye.

Jagoran mutum ne mai sanyin murya. Ya ce ya tambayi mahaifinta da safe, ya ce lafiyarsa ƙalau, gajiya ce. Abincin ne kawai bai ci ba. Ya ce jiya ma ya ji shi yana hira da 'yarsa yana dariya, har ya ce a ransa wannan uban kirki ne.

"Ni ce 'yar," ta ce. "Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. A wurinmu ba a yi. Ko da wuƙa a wuyansa ba zai yi ba. Jiya ya kira."

Ta ji ƙarar zif ɗin tanti, ta ji mutumin yana cewa a tayar da mahaifinta tsaye, a ce ya taka ya zo wurinsa. Ta ji wani abu mai nauyi ya faɗi. Sai jagoran ya ɗaga murya da yarensu, ƙafafu suka fara guje-guje. Ya dawo kan wayar ya ce za su sauka yanzu, ya kashe.

Sauran labarin a gutsure ya riƙa isowa, ta bakin Abu Nayif, wanda ya yi ta kiran Umma. Gajimare ya rufe tsaunin, jirgi mai saukar ungulu ba zai iya tashi ba. An yi masa allura, an saka masa iskar kwalba har ta ƙare. 'Yan dakon nan sun yanke gefen kwando sun zaunar da shi a ciki, suna karɓa-karɓa, igiya a goshi, suna gangarowa a kan duwatsun da suka yi kwanaki suna hawa. Nayif na biye da su da gurguwar gwiwarsa. Akwai wani ƙauye a ƙasa, in suka kai shi jirgin zai iya sauka.

Umma ta shimfiɗa sallaya ba ta ƙara tashi ba. Zaituna ta yi kuka har barci ya ɗauke ta. Nazira ta wanke kicin, ta goge murhu, ta sake gogewa.

Da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Abu Nayif ne da kansa, mutumin da bai taɓa tako Al-Oud wajensu ba, yana tsaye a matakala yana murza gefen rawanin kansa. Bai shigo ba. Daga ganin takalmansa a bakin ƙofa ta labule Umma ta fara salati. Ya ce saura kaɗan su kai ƙauyen rai ya yi halinsa. Nayif ne ya riƙe kansa ya laƙƙana masa kalmar shahada. Ya ce wallahi ɗan'uwa ya rasa, ba ma'aikaci ba, kuma da ya sani da bai tura shi ba.

Dawo da gawar zai ci makonni saboda takardu. Umma ta ce kada a wahalar da shi, ƙasa duk ta Allah ce. Musulmin babban birnin can suka yi masa wanka da salla, mutanen da ko sunansa ba su iya faɗa daidai ba. Aka turo hoton kabarin, jar ƙasa jiƙaƙƙiya da ciyawa a gefe.

A rana ta biyu ta zaman makoki jagoran ya nemo lambarta ya kira. Ta shige banɗaki ta rufe. Ya yi mata ta'aziyya da Turancinsa mai tsinkewa, ya ce ya daɗe yana wannan aikin, ya saba gane mai ɓoye ciwo, amma mahaifinta ya fi ƙarfinsa. Ya ce ba don ita ba da a tantin zai cika, ta yi ƙoƙari. Ta tambaye shi, da a ce tun ranar farko aka gaya masa fa, ranar da ya yi ta dariyar nan? Ta ji kukan wani kare a bayansa. Sannan ya ce babu wanda ya san wannan sai Allah. Ta yi masa godiya.

Falon ya cika da mata, baƙaƙen abayoyi jere har bakin kicin, maza kuma suna ƙasa a kan tabarmi suna magana ƙasa-ƙasa a kan iƙamar iyalin, takardar izinin zamansu a ƙasar, da yadda za a yi da ita. Nazira ce mai zagayawa da tire, gahawa da dabino. Duk wadda ta shigo sabuwa, sai Umma ta sake ba da labarin daga farko, don shi kaɗai ne abin da ke sanyaya mata rai. Mutumin da bai taɓa kama sunan yarinyar nan ba, sai ga shi ya neme ta da bakinsa, ya yi ta kira yana dariya. Ashe bankwana yake yi. Allah ne ya sanar da shi, ya ba shi dama ya sauke nauyin kafin ya tafi. Matan suka yi ta cewa Allahu akbar, wannan ai kyakkyawan ƙarshe ne, wasu suna goge ido da gefen mayafi.

Hajiya Bilƙisu ta kamo hannun Nazira lokacin da ta sunkuyo da tiren.

"Ke kam kin samu rabonki, 'yar nan. Wasu har a binne uban ba su ji ba. Ki gode wa Allah, kin ji?"

Nazira ta ce to. Ta tattara ƙananan kofunan, ta bi ta tsakanin ƙafafun matan ta shiga kicin. Ta buɗe famfo, ruwan tankin da ya wuni a rana ya sauko da zafinsa, ta saka hannuwanta a ƙarƙashi ta bar su a nan. Daga falo ta ji an yi sallama, wata ta shigo, Umma ta gyara murya za ta fara.